Nod sun yi yawa bayan Weld: inda ake kuskure da yadda za a gyara

Masu yanka sitika da allon shago a Abuja sun san wannan matsalar: zane ya yi sumul a kwamfuta, amma da ya je injin yanka sai wuƙa ta riƙa tsayawa tana karkarwa, gefen harafi ya fito kamar haƙoran zarto. Galibi laifin nod ne, wato ɗigogin da ke riƙe da lanƙwasar layi. Da'ira nod 4 sun ishe ta. Amma duk inda layi biyu suka gitta juna a Weld (haɗe siffofi su zama ɗaya) ko Trim (yanke wata siffa da wata) ko Intersect (ciro inda suka hau juna), manhajar zane irin su CorelDRAW sai ta dasa sabuwar nod.

Babban kuskure tun kafin haɗawa ake yin sa. Mutum ya jera siffa biyu da ido, gefensu ya kusa hawa juna amma bai hau daidai ba. Layukan sai su yi ta gittayya a tazarar da ido ba ya gani, kowace gittayya kuma nod ce, har da 'yan siraran ɓarɓashi da ke yaga sitika wajen ɓarewa. A CorelDRAW ka kunna Snap to Objects, mai manna siffa da siffa, don gefe ya hau gefe sak, ko ka shigar da siffar cikin 'yar'uwarta sosai, kamar milimita 1. Bayan haɗawa ka koma Wireframe, wato kallon layukan zane zalla ba launi, ka zuƙo mahaɗar ka duba.

Wasu kuma a CorelDRAW suna danna Simplify na cikin Shaping da zaton zai rage nod. Ba aikinsa ba ne. Yanke inda siffofi suka rufe juna yake yi. Abin da ake nema shi ne: danna F10 don ɗauko Shape tool mai gyaran nod, zaɓi nod ɗin, sannan Reduce Nodes. Kada ka zaɓi dukan zanen, wurin da ya cushe kawai za ka kewaye, in ba haka ba kusurwoyin haruffa su dakushe.

A manhajar Inkscape kuwa Ctrl+L ne ke ragewa, sai dai in ka danna shi a jejjere da sauri ƙarfinsa ƙaruwa yake, ya lalata siffar. Danna sau ɗaya, ka duba. Wajen gogewa da hannu, Delete na ƙoƙarin riƙe lanƙwasar, Ctrl+Delete ba ruwansa da ita. In nod biyu sun hau juna, zaɓe su tare ka danna Shift+J. Masu manhajar Illustrator su sa alama a Remove Redundant Points cikin Pathfinder Options.

Tsari ma na da tasiri. Mayar da kaurin layi siffa, ko yin Contour (zagaye siffa da wani layi), yana kwafar duk wata nod da ke jikin asali har ya ƙara. Don haka tambarin da aka ciro daga hoto da PowerTRACE, a rage masa nod tukuna. Nod ɗin kusurwa da na ƙololuwar lanƙwasa a bar su, na tsakani ne ake cirewa. Kuma ka ajiye kwafin asali a gefe kafin Weld, domin in mai aiki ya dawo yana son canja harafi ɗaya, ba sai ka sake daga farko ba.