Yadda za ka gane Montu a bangon Luksor

Yaranmu na Nima da Mamobi da ke karatu a Azhar, idan hutu ya zo kuka hau jirgin ƙasa zuwa Luksor, kada ku tsaya ɗaukar hoto kawai. Ni malamin tarihi ne a nan Accra, kuma abin da ke damuna shi ne ku dawo kuna cewa duk gunki mai kan shaho da aka sassaƙa a bangon tsoffin wuraren bauta Horus ne. Akwai Montu, shi ma mai kan shaho, wanda mutanen Masar na dā suka ɗauka ubangijin yaƙi, kuma yankin Luksor nasa ne tun kafin Amun, babban abin bautarsu, ya yi suna.

Ƙanena, fara da abin da ke saman kan. Montu yana ɗauke da faifan rana, dogayen fuka-fukai biyu a tsaye a bayansa, sannan macizai biyu a goshi. Ka ga kan shaho da faifan rana amma babu fuka-fukan? Ra ne. Jinjirin wata a ƙarƙashin faifan, Khonsu ke nan. Hular sarauta mai hawa biyu kuwa ta Horus ce. Amun ma yana da fuka-fukai biyu, sai dai fuskarsa ta mutum ce, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Daga nan ka sauke ido zuwa hannu, wani lokaci za ka ga mashi ko lanƙwasasshen takobi.

Ka je da sassafe. Hasken da ke zuwa daga gefe shi ke fito da sassaƙen; rana na tsaka, bangon ya zama fari fat.

Wuraren bautar Montu a yankin huɗu ne: arewacin Karnak, Medamud, Tod da Armant. Ni Tod na fi so ka je. A can, a 1936, aka tono akwatunan tagulla huɗu masu sunan Sarki Amenemhat na Biyu, cike da kwanukan azurfa da shuɗin dutse. A Armant kuma aka riƙa binne Bukis, farin bijimi mai baƙar fuska da suka danganta da shi.

Kafin ka bar Deir el-Bahari, a ƙetaren kogi daga Luksor, inda kowa ke rububin ginin Sarauniya Hatshepsut, waiwaya ka dubi kangon da ke gefensa. Na Mentuhotep na Biyu ne, sarkin da ya ci sunan Montu, ya sake haɗe Masar da yaƙi wajen shekara 2055 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu gina na Hatshepsut daga nasa suka ɗauki fasali.