Yadda Ake Haɗa Kundin Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Mawaƙi

Duk wanda ya saba bi ta wajen Taminus a Jos ya san rumfunan masu tura waƙa, inda matashi ke zaune gaban kwamfuta, wayoyi da katunan memori barbaje a kan tebur. Dattijo zai tsaya ya ce, "Samari, zuba mini tsofaffin waƙoƙin Ɗan Maraya," kafin ya gama gyara zaman hularsa an cika masa kati da duk abin da hannu ya kai gare shi. Idan ya koma gida sai ya tarar waƙa ɗaya ta fito sau uku da sunaye daban-daban, wata an gutsure mata farko, wata kuma muryar mai gabatar da shirin rediyo ta hau kanta. Abin yana damuna ƙwarai, domin mawaƙanmu sun cancanci a tsara aikinsu da irin kulawar da ake yi wa na wasu ƙasashe.

A can, kundin da ya tattara waƙoƙin da suka yi tashe yakan fi duk sauran fayafayan mawaƙi kasuwa. Ƙungiyar Eagles ta Amurka ta sami irin wannan kundi a 1976, mai suna Their Greatest Hits (1971–1975), waƙoƙi goma kacal, kuma a 2018 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tabbatar masa da kwafi miliyan 38, lissafin da ya haɗa da sauraro ta intanet, inda ake ɗaukar sauraro 1,500 a matsayin kwafi ɗaya. A Birtaniya babu kundin da ya kai Greatest Hits na ƙungiyar Queen ciniki, wanda ya fito a 1981 ya kuma haura kwafi miliyan 7 a 2022. Wanda yake son ya yi wa mawaƙin Hausa irin wannan aiki, furodusa ne shi ko magaji ko mawaƙin da kansa, zai amfana idan ya duba yadda aka gina waɗannan kundaye.

Kafin ka taɓa kaset ko ɗaya, ka yanke shawarar wanda kake haɗa wa kundin. Masoyin mawaƙi na haƙiƙa yana da waƙoƙin tun tuni, har ma da waɗanda kai ba ka taɓa ji ba. Mai bukatar kundin shi ne yaron da aka haifa bayan tashen mawaƙin ya wuce, da kuma wanda ya san amshi biyu ko uku amma bai san sunan waƙoƙin ba. Kundin ABBA Gold ya fito a 1992, shekara goma bayan mawaƙan nan huɗu na Suwidin sun daina aiki tare, kuma a 2021 ya zama na farko da ya cika mako 1,000 a jadawalin cinikin Birtaniya. Da yawa daga cikin masu sayensa a shekarun baya-bayan nan ba su ga zamanin ƙungiyar ba. Marigayi Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, yanzu yana da jikokin masu sauraro a Unguwar Rogo da Gangare da ba su taɓa ganin kuntigi da idonsu ba, kuma su ya kamata mai haɗa kundi ya sa a gaba.

Daga nan sai ka kafa ma'auni guda ɗaya na zaɓe, ka rubuta shi a takarda, domin shi zai raba ka da gardama. Kundin The Beatles mai suna 1, na shekarar 2000, an gina shi a kan sharaɗi ɗaya tak: waƙar da ta taɓa zama ta ɗaya a jadawalin Birtaniya ko na Amurka ita ce za ta shiga, aka sami 27, aka rufe ƙofa. Mu ba mu da irin wannan jadawali na zamanin garmaho da kaset, saboda haka dole a nemo shaidar ta wata hanya. Ka zauna da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka gabatar da shirin zaɓi sonka, su ne suka san waƙar da wasiƙu suka fi nema. Ka je tashar mota ta hanyar Bauchi ka tambayi direbobi. Ka tambayi matan da ke shirya biki, da masu tura waƙa, waɗanda kullum suke jin abin da jama'a ke nema da bakinsu. Kada ka karanta musu jeri su zaɓa. Ka ce su lissafo maka biyar da suka fi tunawa, kai kuma kana rubutawa. Waƙar da direba da uwar biki da ma'aikacin rediyo suka ambata ba tare da sun ji juna ba, ta sami gurbi. Idan mawaƙin na wannan zamani ne, alƙaluman YouTube da Audiomack da Boomplay za su taimaka, amma a haɗa su da tambayar baki, domin waƙar da ta yi yawo a memori ba ta barin sawu a intanet.

Akwai tarko a nan da ya kamata a yi hattara da shi. Kundin Legend na Bob Marley, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, shi ne faifan rege da ya fi kowanne ciniki a duniya, amma masana waƙarsa sun daɗe suna ƙorafin cewa an fifita waƙoƙinsa masu laushi, an rage kaifin waɗanda ya yi a kan zalunci da talauci. Miliyoyin mutane sun san Marley ta wannan ƙofa kaɗai. Mawaƙin Hausa yakan kasance da fuskoki da yawa, akwai yabon sarakuna da attajirai, akwai waƙoƙin sana'a da zaman aure, akwai gargaɗi, akwai zambo. Ɗan Maraya ya yi fice ne wajen yi wa talaka waƙa, irin su karen mota, don haka kundin da ya cika da yabon manya zai ba da hoton wani mutum daban. Shawarata ita ce a ware gurbi biyu ga waƙoƙin da ma'aunin tashe bai kawo su ba, amma suna nuna ɓangaren mawaƙin da zai ɓace idan babu su.

Sai batun yawa, wanda a nan ne zuciya ke yaudarar mai zaɓe. Na taɓa haɗa wa iyalan wani marigayi makaɗi kundi, kowane ɗa ya kawo waƙar da yake so, na ji nauyin in ce a'a, muka tashi da waƙoƙi fiye da talatin. Bayan watanni na lura cewa waɗanda muka raba wa suna tsayawa ne a kan bakwai ko takwas na farko, bakandamiyar mutumin kuwa tana can ƙasa ba mai isa gare ta. Har yau ina jin zafin wannan kuskure. Legend waƙoƙi 14 ne, na Queen 17, na ABBA 19, kuma dukansu suna shiga faifan CD guda, wanda iyakarsa kusan minti 80 ne. Ka ɗauki wannan iyaka ka ɗora wa kanka ko da za ka saki kundin a intanet ne kawai. Waƙoƙinmu na gargajiya dogaye ne, ta Shata guda tana iya cin minti goma sha biyar, saboda haka kundin irinsu zai iya tsayawa a waƙa shida ko bakwai ba tare da ya yi ƙaranci ba. Masu haɗa kundayen Fela Kuti bayan rasuwarsa a 1997 sun fuskanci wannan matsala, suka taƙaita wasu dogayen waƙoƙinsa. Idan ka zaɓi taƙaitawa, ka yanke a ƙarshen ɗiyan waƙa, wato baitocinta, bayan 'yan amshi sun sauke, kada ka yanke a tsakiyar jero asalin wanda ake yabo, kuma ka rubuta a fili cewa an taƙaita.

Da zarar jerin ya tsaya, ka dakata da komai ka nemi izini, tun kafin ka kashe ko sisi a situdiyo. Kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu: na wanda ya ƙirƙiri baitoci da karin, da na wanda ya mallaki ɗaukar sautin. Sau da yawa mutane biyu ne daban. Waƙar da aka yi wa fim tana iya zama mallakar furodusan da ya biya kuɗin situdiyo, tsohon faifan garmaho kuma yana iya kasancewa a hannun kamfanin da ya buga shi ko wanda ya gaje shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ɗaukar sauti kuma shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da ita, don haka aikin Shata, da ya rasu a 1999, da na Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, duk suna ƙarƙashin kariya. Hukumar kula da haƙƙin mallaka tana da hedikwata a Abuja ga mai neman ƙarin bayani. Idan mawaƙin ya rasu, kuɗin da kundin zai kawo gado ne, saboda haka sa hannun babban ɗa shi kaɗai bai wadatar ba. A tara magada, mata da maza, a rubuta kason kowa da tsawon yarjejeniyar a gaban shaidu da lauya. Idan akwai makaɗa da 'yan amshi da suka rage a raye, mutunci ne a ware musu wani abu, a kuma sa sunayensu.

Aikin sauti yana bukatar haƙuri. Mawaƙin baka bai cika maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu ba, yakan ƙara ɗa a nan ya sauke wani a can gwargwadon wurin da yake, don haka ka nemo ɗaukar da kunnen jama'a ya saba da ita, ko da akwai wata da ta fi ta tsabta. Ka bi sawun asali a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da akwatunan tsofaffin masu sayar da kaset, ka guji fayil ɗin da aka matse aka sake matsewa har ya koma kamar ana waƙa cikin tulu. Tsohon kaset da ya daɗe a ajiye a fara duba shi da ido: idan akwai farin fumfuna a gefen zaren kada a saka shi a rikoda sai an tsabtace, a kuma juya shi a hankali da biro daga farko zuwa ƙarshe don zaren ya saki. A goge kan rikodar, a tabbatar gudunta daidai yake, domin rikoda mai sauri tana siranta muryar dattijo. A kwafe a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a adana kwafi biyu a wurare biyu. Ka tsaya a kan injiniyan sauti lokacin da yake cire shuuu ɗin kaset, saboda idan ya matsa da yawa zai tafi da zaƙin tsirkiyar kuntigi da ƙarar kalangu tare da hayaniyar. Abu na ƙarshe shi ne daidaita ƙarfin sauti, yadda mai sauraro ba zai riƙa kai hannu ga maɓalli tsakanin waƙa da waƙa ba.

Jerantawa hanya biyu ce. The Beatles sun bi tarihi, daga 1962 zuwa 1970, wanda ya dace da mawaƙin da salonsa ya sauya a fili. Queen da ABBA kuwa kowannensu ya buɗe da waƙar da ta fi shahara, kuma wannan na fi so ga kundin da aka yi don baƙo. Ka buɗe da bakandamiya, kada ka jera masu kiɗa iri ɗaya uku a jere, ka ajiye wata babba ta rufe. Sannan ka gwada shi a inda za a ji shi: a lasifikar ƙaramar waya, da kuma cikin mota. Ni nakan saka shi idan na kama hanyar Abuja, in lura da inda fasinja ya fara hira ko ya nemi a tsallake, kafin mu gangara Hawan Kibo na san waƙar da ke zaune a gurbin da ba nata ba.

Idan mawaƙin yana raye zai so ya cusa sababbi. Madonna ta sa biyu a The Immaculate Collection na 1990, Eagles ba su sa ko ɗaya ba. Biyu sun isa, kuma a ƙarshe.

Bangon kundi ya ɗauki hoto guda mai kyau da sunan da aka fi sanin mawaƙin da shi. A ciki a rubuta shekarar kowace waƙa idan an tabbatar, da wanda aka yi wa, da kayan kiɗan. Wajen ɗorawa a intanet, kamfanin rarrabawa zai nemi lambar ISRC, wato lambar shaida ta kowace ɗauka. Wadda take kan intanet tun tuni kuma ba a sauya ta ba, a riƙe tsohuwar lambarta don kada lissafin masu saurarenta ya koma sifili, wadda aka taƙaita kuma a ba ta sabuwa. A rubuta suna iri ɗaya a ko'ina, a kuma tuna cewa yawancin masu nema suna buga "Dan" ne da harafin da ke kan wayarsu, saboda haka a sa rubutun mara ƙugiya a cikin bayanin kundin.

Kada a manta da rumfunan Taminus, domin har gobe ta nan waƙa ke isa ga mutane da yawa. A yi magana da shugabannin masu tura waƙa a kan yadda kason magada zai riƙa fitowa, a ba su kundin a jaka guda mai sunansa. A fara sunan kowane fayil da lamba, 01, 02, har zuwa ƙarshe, saboda sau da yawa waya da rediyon mota suna jera fayil ne bisa haruffa, kuma idan babu lambobin duk tsarin da aka sha wahala a kansa zai wargaje tun a katin farko.