Mastar a ilimin halayyar ɗan Adam: ta ina za ka fara a Yamai

Ƙanena, tunda ka samu lisansi, saura shekara 2 ne a tsarin LMD (lisansi, mastar, doktora): zango huɗu, kiredi 120. A Jami'ar Abdou Moumouni, sashen yana cikin tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Haɗa dosiyenka tun kafin a manna sanarwa: kwafin bak da lisansi da takardun maki na shekaru ukun, duk da hatimin hukuma. Ka leƙa ANAB, hukumar da ke kula da tallafin ɗalibai, don maganar bursu.

Abin da na fi so ka tsaya a kai shi ne memuwar, wato rubutun binciken da ake kammala mastar da shi. Tun shekarar farko ka nemi malamin da zai duba ka, ka je masa da tambaya ƙarama da za ka iya gamawa: misali yadda ƴan gudun hijirar Tilaberi ke fama da rashin barci bayan hari. Jigo mai faɗi shi ke riƙe ɗalibi shekaru. Kuma kada ka raina lissafin ƙididdiga, memuwar da yawa ba sa tsayawa ba shi.

Wurin sitaj, in ka samu sashen masu taɓin hankali na babbar likita, karɓa. Da Faransanci ka yi karatu, amma tsohuwar da za ta zauna gabanka da Hausa ko Zabarmanci za ta ce maka iskoki ne ke damunta. Saurare ta har ta gama, ka rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, sannan ka kai wa malaminka ku tattauna.