Yadda na rage kuɗin da nake kashe wa kyanwata

Abincin kyanwa na gwangwani da yashin kanti da take bayan gida a ciki sun fara fin ƙarfina, tunda yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi.

Yashin ne ya fi sauƙin magancewa. Na samo yashin rafi wurin masu tifa, na tankaɗe da rariya, na shanya ya bushe ƙayau, na zuba a tsohon baho mai faɗi. A ƙasa nakan shimfiɗa garin katako daga wurin kafinta, shi ke shanye fitsari. Safe da yamma ina kwashe kashi, duk mako in zubar in wanke bahon.

Abinci kuwa sai da na nemi shawarar likitan dabbobi, domin kyanwa ba ta rayuwa da tuwo da shinkafa, nama jikinta ke buƙata. Yanzu ina sayen zuciya da ƙundun kaji wurin masu fige kaji, da ɗan kifi, in dafa da ruwa zalla. Ba gishiri, ba magi, balle albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata mata jini. Hanta kaɗan nake sakawa, yawanta na cutarwa. Ƙashi nakan cire tas, don dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke ta. Busasshen abincin kanti na bar mata sau ɗaya a rana saboda sinadaran da girkina bai cika ba.

Rigakafin haukan kare da maganin tsutsa kam ba na dabara a kansu, asibitin dabbobi nake kai ta.