Matakan sayen mota ba tare da da-na-sani ba

1. Fara duba aljihunka. Kada farashin mota ya cinye kuɗin duka, ware na rajista, inshora da gyaran farko.

2. Zaɓi wadda kayan gyaranta ke samuwa. Leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ji farashinsu tukuna. Saboda wannan nake fifita Toyota Corolla ga mai sayen farko.

3. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, lokacin ne ɓoyayyen ciwo ke bayyana. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce injin na shan baƙin mai. Ɗaga kafet ka shinshina: warin danshi ko tsatsa na nuna ambaliya ta taɓa cin motar, irinta kuwa wayoyinta ba sa daina wahalar da mai ita.

4. Tuƙa ta da kanka, har kan hanya mai gargada.

5. Gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da wadda ke takardun kwastan. Ko ɗaya ya saɓa, haƙura da ita.

6. Biya ta banki, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, sannan ka mayar da takardu sunanka.