Babi na Uku: Lissafi da Mazubi a Kwamfuta

Sannunku da ƙoƙari, iyaye da 'yan'uwa. A babin da ya wuce kun kunna kwamfuta da hannunku, kun buɗe Python, harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi, kun ga alamar nan mai kamar kan kibiya uku a jere, wato >>>. Duk inda kuka ga wannan alama, kwamfuta tana cewa ne, "Ina sauraro." Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya ƙirƙiro Python, ya fitar da shi a 1991, kuma kyauta ake samunsa. Tarihin da kuke bukata ke nan. Ku gyara zama, ku ɗora hannu a kan maɓallai.

Darasi na 1: Alamomi huɗu

Wanda ya taɓa ba da canji a Kasuwar Kurmi, ko ya ƙirga yadi a Kantin Kwari, ya riga ya iya lissafin da ke cikin wannan babi. Abin da ya rage shi ne yadda za ku faɗa wa na'ura.

Ku rubuta wannan a gaban alamar >>>, sannan ku danna babban maɓallin da ke hannun dama, wanda aka rubuta Enter a kansa:

1500 + 700

Za ku ga 2200 a layin ƙasa. In ba ku danna Enter ba, ko za ku kwana a gabanta ba za ta amsa ba. Alamar tarawa tana kan maɓalli ɗaya da alamar =, can sama ta hannun dama. Ku riƙe Shift da yatsa ɗaya, ku danna ta da wani yatsan.

Ɗebewa ɗan gajeren kara ne, yana kusa da sifiri. Ku gwada 5000 - 1800, za ku sami 3200.

Ninkawa ce ke da ɗan rikici. A makaranta an koya wa yaranku alama mai kamar harafin x. Kwamfuta ba ta san wannan ba, tauraro take so, kuma yana kan lamba 8. Ku riƙe Shift ku danna 8:

12 * 250

Amsa 3000. Wanda ya sa x zai ga jan rubutu ya fito da kalmar SyntaxError. Kada gabanku ya faɗi, ba ku lalata komai ba. Ma'anarsa kawai ba ta gane tsarin maganarku ba, sai ku sake rubutawa.

Rabawa kuwa kara ne a karkace: 6000 / 4. Amsar za ta zo 1500.0, da ɗigo da sifiri a ƙarshe. Dubu ɗaya da ɗari biyar ce, ba dubu goma sha biyar ba. Haka Python yake yi duk lokacin da aka raba da wannan alama.

Kada ku sa waƙafi a cikin lamba, kada ku sa alamar naira. A rasit ana rubuta 1,500, a nan 1500 za ku rubuta tsurarta.

Darasi na 2: Mazubi

Nan ne wurin da na fi ganin mutane suna tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan.

Ku tuna shagon mai kayan masarufi a kasuwar Singa. Yana da robobi a jere, ya manna wa kowace takarda: wannan sukari, wannan gishiri. Kwamfuta ma tana da irin waɗannan robobi, amma lamba ake zubawa a ciki. Masu Turanci suna ce musu bariyabul, mu a ajinmu mazubi muke cewa. Ku rubuta:

kudi = 5000

Ku danna Enter. Ba abin da ya fito, ko? Daidai ne. Kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tawa ta ƙi." Ba ta ƙi ba, ajiya kuka ba ta, ta karɓa ta yi shiru. Yanzu ku rubuta kudi shi kaɗai ku danna Enter, za ta nuna muku 5000.

To, ku saurara da kyau. Alamar nan ta kara biyu a kwance, =, a lissafin makaranta ana karanta ta "daidai yake da". A nan ba haka take ba. A nan ma'anarta "zuba". Abin da ke hannun dama ake ɗauka a zuba cikin mazubin da ke hannun hagu. Ku karanta layin da bakinku, da ƙarfi: "Ɗauki 5000, zuba a kudi." Ku sake. Hajiya da ke baya, ke ma ki faɗa, ba kunya a neman ilimi.

Suna a hagu, kaya a dama. Ku ɗaga hannun hagu ku ce "suna", ku ɗaga na dama ku ce "kaya". Waɗanda suka yi makarantar allo wannan ba zai yi musu wuya ba, don sun saba fara karatu daga dama. In kuka juya kuka rubuta 5000 = kudi, jan rubutu ne zai fito, domin lamba ba roba ba ce, ba a zuba komai a cikinta.

Yanzu mu ce kun sayi kayan miya na 800 a Yankaba. Ku rubuta:

kudi = kudi - 800

Wani dattijo, tsohon ɗan kasuwa, ya taɓa ajiye tabarau ya ce mini, "Malam, wannan ai ƙarya ce. Ta yaya kuɗi zai zama daidai da kansa bayan an cire ɗari takwas?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, in da alamar tana nufin daidai. Amma zuba take nufi." Kwamfuta takan fara da hannun dama. Ta leƙa cikin kudi ta ga 5000, ta cire 800, ta sami 4200, sannan ta waiwaya hagu ta zuba 4200 a cikin kudi. Kamar ka zaro kuɗi daga aljihu, ka biya mai tumatir, ka mayar da canji cikin aljihun nan dai. Ku rubuta kudi ku duba, 4200 za ku gani.

Ku sake rubuta layin nan, kudi = kudi - 800, karo na biyu. Kafin ku duba, ku faɗi amsar a ranku. Wanda ya ce 4200 bai bi ni ba. Abin da ke cikin mazubi yanzu 4200 ne, daga cikinsa za a cire, saura 3400. Dama tukuna, sannan hagu.

Mazubi lamba ɗaya yake riƙewa. In kuka rubuta kudi = 300, to 3400 ta tafi, ba tarawa aka yi ba, kuma ba za ta tambaye ku ko kun tabbata ba. Sabon zubi yana kore tsoho.

Ga wani tarko. Ku mayar da kudi = 5000, sannan ku rubuta kudi - 800 ba tare da alamar zubi ba. Za ta nuna 4200. Ku leƙa kudi, har yanzu 5000 ne cif. Don me? Don ba ku zuba ba, tambaya kawai kuka yi, kamar mai taya kaya bai saya ba. Mazubi ba ya canzawa sai sunansa ya tsaya a hagun alamar =.

Mu haɗa mazubi uku. Mu ce kwanon shinkafa 2500 ne, kuna son kwano huɗu. Kowane layi da Enter ɗinsa:

farashi = 2500
kwano = 4
jimla = farashi * kwano

Ku leƙa jimla, 10000. Washegari kaya ya tashi, sai ku rubuta farashi = 3000. Nawa ne a cikin jimla yanzu? Kusan duk aji 12000 suke cewa, kuma kusan duk aji sun yi kuskure. Har yanzu 10000 ce, don ba wanda ya sake zuba komai a jimla. Sai kun maimaita layi na uku kafin ta zama 12000.

A nan zan ɗan yi faɗa. Na lura wasu ba sa taɓa maɓalli, sai su leƙa allon maƙwabci su gyaɗa kai. Wasu kuma su je gida su ba jika ya yi musu aikin, su kawo mini shi tsaf kamar ban san rubutun yaro ba. Ni ba maki nake rabawa ba. Kun bar shago da gida kun hau a-daidaita-sahu kun zo, to ku yi kuskurenku da hannunku. Wanda ya ga jan rubutu sau goma yau ya fi wanda ya zauna hannu a cinya. Kowa ya rubuta kudi = kudi - 100 sau biyar, kuma kafin kowane Enter ya faɗi abin da zai rage.

Game da sunan mazubi, kudi da Kudi ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, babban harafi daban, ƙarami daban. In kuka kira sunan da ba ku taɓa zuba wa komai ba, za ta ce NameError. Kada ku bar fili a tsakiyar suna, ku haɗa da karan ƙasa, kamar kudin_mota. Kada suna ya fara da lamba. Python yana karɓar ɗ da ƙ da ɓ, amma yawancin maɓallanmu ba su da su, shi ya sa na rubuta kudi ba lanƙwasa. In kuma aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, duk mazuban sun zube, sai a sake daga farko.

Darasi na 3: Wa ke gaba?

Ku huɗu za ku je Dawanau. Mu ce kowa zai kashe 200 kuɗin mota da 300 na abinci. Ku rubuta 200 + 300 * 4. Za ta ba ku 1400, alhali 2000 kuke bukata. Ba ta yi kuskure ba. Ninkawa da rabawa suna gaba da tarawa da ɗebewa, ko da a ƙarshen layi suke. Abin da kuke so a fara yi, ku sa shi cikin baka biyu, suna kan 9 da 0 tare da Shift:

(200 + 300) * 4

Bakan da kuka buɗe, ku rufe shi. In kuna shakka, ku sa baka, ba a biyan kuɗinsa.

Darasi na 4: Rabo da saura

Kiret yana cin ƙwai 30. Kuna da ƙwai 100. Ku rubuta 100 // 30, za ku sami 3, cikakkun kiret ke nan. Ku rubuta 100 % 30, za ku sami 10, ƙwan da ya rage ke nan. Alamar % a nan ba ta nufin kashi cikin ɗari. Ku gwada da wasu lambobin.

Darasi na 5: print

print(jimla) yana nuna abin da ke cikin jimla. Amfaninsa sai mun fara adana aiki a fayil.

Aikin gida: mutum 12 suna adashi, kowa yana zuba 2000 a mako. Ku yi mazubi uku, ku fitar da kwasar mako ɗaya. Ku rubuta a takarda, ku zo da ita ranar Asabar.