Kurakuran masu lambu a Jigawa: kowace ƙasa da irin ruwanta da takinta

Daga Maigatari zuwa Auyo ƙasa tana canzawa sau da yawa. Can arewa rairayi ne, jigawa bayan jigawa, inda gero da riɗi ke jin daɗi. Da ka gangaro bakin kogin Haɗeja sai baƙar laka ta fadama, wadda ke tsagewa da rani. Ko a gona ɗaya, tudu daban, kwari daban. Yawancin asarar masu lambu daga nan take farawa: mutum ya kwaikwayi abin da ya ga yana yi wa wani kyau, bai duba ƙasar da shi yake tsaye a kai ba.

Dubawar ba ta buƙatar ko sisi. Ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙule. In ta wargaje da ka buɗe hannu, rairayi ne. In ta murzu ta yi tsawo har ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ce. Wadda ta dunƙulu amma ta karye wajen lanƙwasawa ita ce ƙasar lambu ta gaske, mai ita ya gode Allah.

Kuskuren da ya fi yawa na ban ruwa ne. Wani ya je Kadawa, wurin noman rani a jihar Kano, ya ga ana cika fangali taf, a tafi a bar shi kwanaki, sai ya dawo ya yi haka a rairayinsa. Kafin azahar ruwan ya wuce inda saiwar salak ko albasa take kaiwa, man injin ya tafi a banza, da la'asar shuka ta yi yaushi. Rairayi kaɗan-kaɗan yake so, a kai a kai, da sassafe ko da yamma. A ƙanƙanta fangali, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa. A laka kuwa akasin haka ne: tumatir da tattasai ba sa son ruwa ya kwana a gindinsu, saiwar ruɓewa take yi. Nan sai a ɗaga kunya, a fitar da hanyar da ruwa zai tsiyaye, kuma kada a ƙara sai an tura yatsa an ji ciki ya fara shan iska.

Sai takin zamani. Yuriya na da ƙarfi, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, amma ba ta zama. In ka watsa ta a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso ya bi iska. In ka zuba duka lokaci guda a rairayi ka bi da ruwa, sauran ya nutse ƙasa. Raba ta gida biyu ko uku, ka tona ɗan rami nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, ka binne. Kamfa, wato takin NPK mai lamba 15-15-15, ita ake fara sawa bayan dashe ya kama. Amma gaskiyar magana, a jigawa buhu kaɗai ba ya gyara ƙasa. Abin da ke riƙe ruwa da taki a rairayi shi ne ruɓaɓɓen takin gargajiya, kuma a nan ma ana yin ɓarna.

Ana kwaso kashin kaji ko na awaki ɗanye, yau a zuba, gobe a dasa. Zafinsa ya ƙone saiwa, irin ciyawar da ke ciki ya tsiro, gara ta samu gida. Tara shi wuri guda a inuwa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Cusa hannu cikin tsibin: muddin kana jin ɗumi, bai nuna ba. In ya huce, ya yi baƙi, warin ya tafi, to ya isa shiga lambu. Takin juji da ake kawowa a amalanke kuma a tsince shi tukuna, don leda da fasassun kwalabe da matattun batura sun cika shi yanzu. Ƙona karan dawa da ganye a fili shi ma asarar taki ce, haka sare gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa ƙasa.

Masu fadama suna da nasu. Gaggawa ta sa a shiga da garma ƙasa tana jiƙe sharkaf, ta bushe ta zama hoge mai taurin da sai an sa gatari. A jira har dunƙulen ya riƙa marmashewa a hannu. Ɗiban jakin rairayi kaɗan a zuba wai don laka ta saki wahala ce kawai. Taki da buntu su ke sakinta, shekara bisa shekara.

Akwai kuma farin ɓawon da ke fitowa a saman fangali in ya bushe, musamman inda ruwa ya saba kwanciya ba mafita. Kanwa ce da gishiri. Shuka ta tsumbure, bakin ganye ya ƙone, sai mai lambu ya ce yunwa ce, ya ƙara buhu, wani ma ya ƙara toka. Duka biyun ƙara cutar suke yi. A haƙa magudana, a yi ban ruwa mai yawa da ruwa mai daɗi ya wanke gishirin ya fita, a bi da ruɓaɓɓen taki. In abin ya yi tsanani, a nemi malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jigawa, a kai ƙasar gwaji.

Na ƙarshe ɓoyayye ne. Tumatir ya yi yaushi alhali ƙasa na da danshi, ka tuge ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu. Wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma rairayi suka fi so. Kada ka rikita su da ƙullutun saiwar wake ko gyaɗa, waɗanda ke da amfani kuma suna ɓantarewa in ka murza. Na tumatir kuwa kumburin saiwar ne kanta. Maye gurbin da attaruhu, gauta ko kuɓewa ba canji ba ne, duk suna kamuwa. A tuge masu cutar da saiwarsu a ƙone, a kifar da ƙasar ta sha ranar bazara, a sa masara ko dawa a wurin kaka biyu kafin tumatir ya dawo.